Najib al-Kilani (1931–1995): Kurkuku, Alƙalami da Amanar Shaida a Ƙagaggen Labarin Musulunci

Tsakure

Wannan maƙala ta bi tarihin rayuwar Dokta Najib al-Kilani, likita kuma marubucin ƙagaggun labarai ɗan ƙasar Masar, tun daga tasowarsa a ƙauye har zuwa rasuwarsa, tare da duba yadda siyasar zamaninsa ta gina alƙalaminsa. Abin da maƙalar ta tsaya a kai shi ne cewa al-Kilani ya ɗauki ƙagaggen labari a matsayin shaida, ita kuwa shaida a Musulunci tana da sharuɗɗa. Inda ya rubuta abin da idonsa ya gani, shaidarsa ta yi ƙarfi. Inda ya rubuta labarin ƙasashen da ke nesa da shi, kishin addini ya kan rinjayi bincike, kamar yadda ake gani a littafinsa da ya gina a kan Arewacin Nijeriya.

Gabatarwa

Ƙagaggen labari irin na zamani baƙo ne a adabin Larabci. Da yawa daga masana tarihin adabi suna ƙirga soma kafuwarsa daga littafin Zainab na Muhammad Husain Haikal, wanda ya fito gab da Yaƙin Duniya na Ɗaya. Kafin nan Jurji Zaidan (1861–1914), Kirista ɗan asalin Lebanon, ya riga ya fitar da jerin labarai a kan tarihin Musulunci, waɗanda suka samu karɓuwa a wurin matasa, malamai kuwa suka yi ta ƙorafin yadda ya cakuɗa tarihi da soyayya. Zuwa tsakiyar ƙarni na 20 fagen ya koma hannun masu ra'ayin sassauci da masu ra'ayin gurguzu: Abdurrahman al-Sharƙawi ya fitar da al-Arḍ a 1954, Najib Mahfuz kuma ya soma buga Aulad Haratina a jaridar al-Ahram a 1959, abin da ya tayar da ƙura a tsakanin malaman Azhar.

A wancan lokaci mafi yawan masu kishin Musulunci suna kallon wannan fanni daga nesa. Wasu na ganin ɓata lokaci ne, wasu na ganin ƙofa ce ta lalata tarbiyya. Kaɗan ne suka shiga cikinsa da niyyar ibada, kamar Ali Ahmad Bakasir (1910–1969), mai littafin Wa Islamah. Najib al-Kilani ya bi bayan Bakasir, ya kuma zarce shi ta fuskar yawan rubutu da ƙoƙarin kafa wa wannan aiki ƙa'idoji.

Tasowa da Neman Ilimi

An haifi Najib al-Kilani a shekarar 1931 (1350 bayan Hijira) a ƙauyen Sharshaba da ke gundumar Zifta, lardin Gharbiyya. Gidansu gidan manoma ne. Kamar sauran yaran karkarar Masar, ya fara da makarantar allo, inda ya koyi karatu da rubutu ya kuma haddace kaso mai yawa na Alƙur'ani, sannan ya shiga makarantar zamani, ya yi sakandare a birnin Ɗanɗa. A 1951 ya samu gurbi a tsangayar koyon likitanci ta Jami'ar Alƙahira, wadda a lokacin ake kira Jami'ar Fu'ad na Ɗaya.

Yarintarsa ta faɗo cikin shekarun Yaƙin Duniya na Biyu, lokacin da tsadar rayuwa da cututtuka suka addabi talakan ƙauye, ƙasa kuma tana hannun 'yan tsirarun masu gonaki da sojojin Ingila. Samartakarsa ta zo daidai da yaƙin Falasɗinu na 1948, da kisan Imam Hasan al-Banna a watan Fabrairu na 1949, da juyin mulkin sojoji na 23 ga Yuli 1952. A irin wannan yanayi ɗalibin jami'a ba ya iya zama ɗan kallo. Al-Kilani ya zaɓi ƙungiyar 'Yan'uwa Musulmi, wannan zaɓi kuwa shi ya juya akalar rayuwarsa baki ɗaya.

Kurkuku a Matsayin Makaranta

Zumuncin da ke tsakanin sojojin juyin mulki da 'Yan'uwa Musulmi bai daɗe ba. Ranar 26 ga Oktoba 1954 aka harbi Jamal Abdunnasir yana jawabi a dandalin Manshiyya na Iskandariyya, bai samu rauni ba. Gwamnati ta ɗora alhakin a kan ƙungiyar, ta kama dubban mabiyanta, ta rataye mutum shida a watan Disamba, cikinsu har da masanin shari'a Abdulƙadir Auda. A 1955 kamen ya iso kan al-Kilani yana tsakiyar karatu. An yanke masa hukuncin ɗaurin shekara goma, ya ɗanɗani azabar Kurkukun Soja na Alƙahira, aka kuma yi ta sauya masa gidajen yari, ciki har da na Asyuɗ da na Ƙanaɗir.

A cikin wannan ƙunci ne ya rubuta littafinsa na farko na ƙagaggen labari, al-Ɗariƙ al-Ɗawil, wato Doguwar Hanya, wanda ya bi rayuwar wani yaron ƙauye cikin wahalhalun shekarun yaƙi. Littafin ya ci gasar Ma'aikatar Ilimi ta Masar a 1957, marubucinsa yana tsare, daga baya kuma aka sanya shi cikin littattafan da ɗaliban sakandare ke karantawa. Hukumar da ta ɗaure shi ita ce ta ba shi kyauta, ita ce kuma ta shigar da maganarsa azuzuwa. A kurkukun ne har wa yau ya rubuta nazari a kan mawaƙin Musulunci Muhammad Iƙbal, da wani bincike mai suna al-Mujtama' al-Mariḍ a kan rayuwar fursunoni, inda ya kalli gidan yari da idon ɗalibin likitanci mai neman asalin cuta.

An sake shi kafin cikar wa'adi saboda rashin lafiya, bayan ya shafe sama da shekara uku. Ya koma jami'a ya kammala a 1960, ya yi aikin likita a ƙauyensu da kuma sashen lafiya na hukumar jiragen ƙasa. A wannan tsakani ya fitar da al-Yaum al-Mau'ud, labarin harin da Sarkin Faransa Luwis na Tara ya kawo Masar da yadda aka kama shi a 1250 aka tsare shi a Mansura. Sai dai hutun bai yi nisa ba. A 1965 gwamnati ta sake buɗe kame a kan 'Yan'uwa Musulmi, kamen da ya ƙare da rataye Sayyid Ƙuɗub a watan Agusta na 1966. An sake tsare al-Kilani, bai fito ba sai 1967. A shekara mai bi ya bar Masar zuwa Kuwait, daga nan ya wuce Dubai, inda ya shafe sama da shekara ashirin yana aikin lafiya, har ya jagoranci sashen wayar da kan jama'a a kan kiwon lafiya a Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa.

Abin da ya gani a bayan kanta bai rabu da alƙalaminsa ba. Lail wa Ƙuḍban, wanda aka mayar da shi fim a 1973, ya nuna yadda shugaban gidan yari ke zama fursunan muguntarsa. Rihla ilal Lah kuwa ya kai mai karatu cikin Kurkukun Soja ta hanyar wani kwamanda mai suna Aɗwa al-Mallawani, wanda manazarta suka daɗe suna ganin hoton Hamza al-Basyuni ne, shugaban wannan kurkuku a zamanin Abdunnasir. Ƙarfin waɗannan littattafai yana cikin ƙananan abubuwa: yadda tsoro ke sa aboki ya ambaci sunan abokinsa, yadda mai gadi talaka ke dukan ɗan'uwansa talaka don ya tsira da albashinsa, yadda imani ke ƙaruwa a zuciyar wani ya kuma raunana a zuciyar wani a ɗaki guda. Mai rubuta wannan ya san abin da yake faɗa, saboda haka bai buƙaci ƙarin gishiri ba.

Hukuncin Ƙagaggen Labari da Matsayin al-Kilani

Tambayar da ta fi damun masu karatun addini ita ce: shin ƙirƙirar mutane da maganganun da ba a yi ba bai shiga cikin ƙarya ba? Masu hanawa suna kafa hujja da nassoshin da suka tsananta a kan ƙarya, ciki har da hadisin da ya yi gargaɗi ga mai ƙirƙirar zance don ya ba mutane dariya. Masu halattawa suna cewa ƙarya ita ce ba da labari saɓanin yadda yake da nufin a gaskata, alhali marubuci da mai karatu duk sun san cewa wannan buga misali ne. Suna kuma nuni da Kalila wa Dimna da Maƙamat na al-Hariri, wanda malamai suka karantar a zaurukan ilimi ƙarni bayan ƙarni, har a ƙasar Hausa, shi kansa al-Hariri kuwa ya kare aikinsa a gabatarwar littafin da cewa niyyarsa faɗakarwa ce, ya kwatanta shi da labaran da ake sanyawa a bakin dabbobi.

Al-Kilani ya tsaya tare da masu halattawa, ya kuma ƙara da cewa barin fagen ga waɗanda ba su damu da addini ba sakaci ne, tunda matasa za su karanta labari ko an so ko an ƙi. Ya bayyana ra'ayinsa a al-Islamiyya wal Mazahib al-Adabiyya tun farkon shekarun 1960, kusan lokaci guda da Manhaj al-Fann al-Islami na Muhammad Ƙuɗub, sannan ya faɗaɗa shi a Madkhal ilal Adab al-Islami, wanda ya fito cikin jerin Kitab al-Umma na ƙasar Ƙatar a 1987. Taƙaitaccen matsayinsa shi ne cewa adabin Musulunci dole ya cika sharaɗin fasaha kafin a yi maganar saƙonsa, domin wa'azin da aka yi wa rigar labari ba ya zama adabi. Cewa babu wani ɓangare na rayuwar ɗan Adam da aka haramta wa marubuci Musulmi taɓawa, har da zunubi da soyayya, matuƙar bai ƙawata saɓo ba. Kuma cewa marubuci ma'abocin amana ne da za a tambaya a kan abin da ya rubuta. Da aka kafa Ƙungiyar Adabin Musulunci ta Duniya a tsakiyar shekarun 1980 ƙarƙashin jagorancin Shaikh Abul Hasan Ali al-Nadwi, al-Kilani yana cikin fitattun mambobinta.

Ya gwada wannan ra'ayi a wurare masu santsi. A Ƙatil Hamza ya ɗauki Wahshi ɗan Harb, wanda ya kashe Sayyidina Hamza (Allah Ya yarda da shi) a Uhudu, daga baya ya musulunta ya kuma yi tarayya a kisan Musailama a Yamama, ya bi shi a matsayin bawa mai ƙishirwar 'yanci, wanda ya samu 'yancin jiki ta hanyar jini bai samu natsuwa ba sai da ya yi imani. A Umar Yazhar fil Ƙuds, wanda ya biyo bayan shan kashin 1967, ya sawwara Halifa Umar ɗan Khaɗɗabi (Allah Ya yarda da shi) ya bayyana a birnin Ƙudus da ke ƙarƙashin mamaya yana tambayar Musulmi yadda suka kai ga wannan hali. A nan mai hanawa yana da abin faɗa, domin sanya magana a bakin sahabi ya fi sanya ta a bakin ƙagaggen mutum nauyi, ko da niyyar marubuci kyakkyawa ce.

Labaran Ƙasashen Musulmi

A farkon shekarun 1970, yana zaune a yankin Tekun Fasha, al-Kilani ya juya ga al'ummomin Musulmi da mai karatun Larabci bai san halin da suke ciki ba. Layali Turkistan ya ba da labarin gwagwarmayar Musulmin Turkistan ta Gabas tsakanin Sin da Rasha. Azra' Jakarta ya ginu a kan yunƙurin juyin mulkin 1965 a Indunisiya, tauraruwarsa wata ɗaliba ce mai suna Faɗima da ta tsaya gaban 'yan gurguzu. Al-Zill al-Aswad ya koma Habasha a zamanin Lij Iyasu, sarkin da aka tuɓe a 1916 bisa zargin karkata ga Musulunci. Amaliƙat al-Shimal kuwa ya zo Nijeriya.

Ba ƙaramin aiki ba ne wannan. A lokacin da ƙagaggen labarin Larabci ya taƙaita ga unguwannin Alƙahira da ƙauyukan Nilu, al-Kilani ya faɗaɗa shi zuwa faɗin al'umma, ya sa matashin Makka da na Dimashƙa suka ji sunan Ƙumul da Kano. Amma a nan ne kuma rauninsa ya fi fitowa. Azra' Jakarta ya tsaya a kan ta'asar 'yan gurguzu, alhali tarihi ya tabbatar da cewa bayan rushewar yunƙurin an kashe dubban ɗaruruwan mutanen da aka zarga da gurguzu, mafi yawansu ba tare da shari'a ba. Mutumin da ya san ɗacin kamun zalunci a Kurkukun Soja shi ya fi cancanta ya ba wannan jini haƙƙinsa a cikin labari.

Amaliƙat al-Shimal a Idon Mai Karatun Arewa

Ma'anar sunan littafin ita ce Gwarazan Arewa. Tauraronsa Usman Aminu, matashi ne ɗan kasuwa, almajirin wani shehin Ƙadiriyya mai suna Abdullahi. Yana fita fatauci da da'awa zuwa Kudu, zuciyarsa kuma ta kamu da son Jamaka, wata ma'aikaciyar jinya 'yar ƙabilar Ibo, Kirista, wadda daga baya ta musulunta. A gefe akwai abokinsa Nur da ya ci amana, da wani limamin mishan mai suna Tom. Labarin ya ratsa juyin mulkin 15 ga Janairu 1966, da kisan Sardaunan Sakkwato Sir Ahmadu Bello, da juyin mulkin ramuwa na watan Yuli, har zuwa yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970.

Littafin ya samu gurbi a sassan nazarin Larabci na jami'o'in Nijeriya, dalilin hakan kuma a fili yake. Marubuci Balarabe ya ɗauki Musulmin Arewa da daraja, ya gabatar da Sardauna a matsayin jagora mai kishin addini, ya nuna ɗariƙa a matsayin makarantar tarbiyya, ya kuma yi kira ga haɗin kan ƙasa. Bai mayar da Ibo abokan gaba a jinsinsu ba, tunda daga cikinsu ya zaɓi tauraruwarsa.

Duk da haka, mai karatun da ya san tarihin ƙasarsa zai lura cewa an auna rikicin da ma'aunin Gabas ta Tsakiya. Al-Kilani ya fassara shi a matsayin makircin 'yan mishan da Turawan mulkin mallaka da Sahayoniyawa a kan Musulunci. Hannun ƙasashen waje a yaƙin abu ne sananne, amma wannan fassara ba ta ɗauke duk abin da ya faru ba. A daren da aka kashe Sardauna da Firayim Minista Abubakar Tafawa Ɓalewa an kashe Firimiyan Yamma Samuel Akintola da Ministan Kuɗi Festus Okotie-Eboh, dukansu Kiristoci. Shugaban da ya jagoranci ɓangaren tarayya a yaƙin, Yakubu Gowon, Kirista ne ɗan Arewa, haka ma ɗimbin sojojin da suka yi yaƙin ƙarƙashinsa. Rikicin ƙidayar jama'a, da zaɓen 1964, da gasar manyan muƙamai a soja da aikin gwamnati, da arzikin man fetur, duk suna cikin musabbaban fitinar. Akwai kuma kashe-kashen da aka yi wa Ibo mazauna biranen Arewa a 1966, wanda adalci ya wajabta a ambace shi kamar yadda ake ambaton jinin shugabannin Arewa.

Aya ta 8 ta Suratul Ma'ida ta hana ƙiyayyar wasu mutane ta kai mumini ga barin adalci, aya ta 6 ta Suratul Hujurat kuma ta yi umarni da tantance labari kafin aiki da shi. Idan marubuci ya ambaci mutane na gaske da ranaku na gaske, ya fita daga rangwamen buga misali ya shiga hurumin mai ba da shaida, ko da ya kira littafinsa ƙagaggen labari. Wannan ma'auni daga rubuce-rubucen al-Kilani kansa aka ɗauko shi, domin shi ne ya nace cewa marubuci Musulmi abin tambaya ne.

Komawa Gida

A ƙarshen rayuwarsa ya dawo ga abin da ya fi sani. I'tirafat Abdil Mutajalli labarin wani ƙaramin ma'aikaci ne ɗan ƙauye da ya ji an sace wata babbar na'urar ɗaga kaya a tsakiyar Alƙahira, ya ɗaura ɗamarar nemo ta, sai ya ƙare a hannun jami'an tsaro suna neman ya amsa laifin da bai san shi ba. Da wannan littafi da Imra'at Abdil Mutajalli da Malikat al-Inab da Ƙaḍiyyat Abil Futuh al-Sharƙawi, al-Kilani ya zana Masar ta zamanin dokar ta-ɓaci, inda cin hanci ya zama ruwan dare, mai gaskiya kuma ake masa kallon mahaukaci. Dokta Hilmi al-Ƙa'ud ya yi nazarin waɗannan littattafai ƙarƙashin abin da ya kira waƙi'iyyar Musulunci, wato zana rayuwa yadda take ta mahangar imani. A cikinsu huɗuba ta ragu, barkwanci mai ɗaci ya ƙaru, mutanen kirki suna da aibu, miyagu kuma suna da dalilansu.

Ya rubuta tarihin rayuwarsa a Lamahat min Hayati. Ya koma Masar a farkon shekarun 1990 ya zauna a Ɗanɗa, ya rasu a watan Maris na 1995 (Shawwal 1415) bayan jinya. Allah Ya jiƙansa, Ya gafarta masa.

Kammalawa

Najib al-Kilani ya bar gomman littattafai a fannin ƙagaggen labari da gajerun labarai da waƙa da tarken adabi da kiwon lafiya. Ya tabbatar a aikace cewa mutum zai iya riƙe addininsa ya kuma riƙe alƙalamin mai ba da labari, a lokacin da ɓangarori biyu suke ganin hakan ba zai yiwu ba. Ya biya farashin ra'ayinsa da shekarun ƙuruciyarsa, ya kuma adana wa tarihi abin da ya gudana a gidajen yarin Abdunnasir ta hanyar da rahoton hukuma ba zai adana ba.

Darasin da ɗalibin ilimi zai ɗauka daga nasararsa da gazawarsa guda ne. Kyakkyawar niyya ba ta wadatar da mai shaida daga sanin abin da yake shaida a kai. Saboda haka ya dace a karanta littattafansa na kurkuku da na ƙauyen Masar a matsayin maganar wanda ya halarta, a karanta Amaliƙat al-Shimal da 'yan'uwansa a matsayin maganar masoyi daga nesa, wadda ake karɓa da godiya a kuma auna ta da abin da tarihi ya tabbatar. Cike giɓin da ya bari a labarin 1966 nauyi ne da ya rataya a wuyan marubuta da malaman da abin ya faru a ƙasarsu. Allah ne Mafi sani.